Katin Wada

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Shugaban makaranta ya yarda in haɗa wa 'yan kulob ɗina wasan kati da Hausa, irin na yaƙi da suke bugawa a waya. Na leƙa wasanni biyar, duk kanwar ja ce: mutum, dogo mai tsinin kunne, gajere mai gemu da guduma, sai koren ƙato mai haure. Kamar uwa ɗaya ta haifi masu yin su.

Laraba, 8 ga Mayu
Na kira Yaya Abdurra'uf a shagonsa na gyaran waya a Kebbe, shi ne gwanin abin. Na ce me ya sa kullum su huɗun nan? Ya ce daga tatsuniyoyin kakannin Turawa aka kwaso su, na baya ya kwaikwayi na gaba. "Kuma kowa da aikinai, Rauda. Dogo shi yi harbi, gajere shi tare duka, kore a kashe shi ba tausai. Mai wasa ba ya son tambaya, fuɗun ga ya riga ya san su."

Na ce ai mu ma muna da kakanni.

Asabar, 11 ga Mayu
Na mayar da su gida. Dogo ya zama Ɗan Ruwa, kore ya zama Dodo. Aljani na so sawa, Inna ta ce ba a cikin gidanta ba. Gajere kuwa na sa shi Wadan Sarki, da 'yar hularsa. Ƙarfinsa: ya ba abokin gaba dariya har ya rasa zagaye ɗaya. Ni kaina na yaba wa kaina. Na tura wa Yaya hotuna.

Talata, 14 ga Mayu
Ya gani, bai amsa ba.

Juma'a, 17 ga Mayu
Kira uku, shiru. Na nuna wa Inna katunan. Da ta zo kan na huɗu ta kife shi a tabarma, ta ce, "Wanga kika aika wa ɗan'uwanki?"

Wallahi sai lokacin na gani. Yaya wada ne. Tun ina goye na san shi haka, har idona ya daina gani. A gidanmu ba a faɗin kalmar, ni kuma na rubuta ta da manyan baƙaƙe, na ɗora mata hula. Kunya kamar in nutse. Ina tsoron kar ya daina ɗaukar wayata har abada, shi da ya koya mini karatu.

Lahadi, 19 ga Mayu
Na hau babur zuwa Kebbe, hanya ta jijjige ni. Na same shi kan doguwar kujerarsa yana aiki. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Na fara ba da haƙuri, sai ya miƙo mini wayarsa. Gajeren nan mai gemu na wasan waya ne, cikin sulke. Shekara shida shi yake zaɓa. Ni da na ɗauka dogon yake ɗauka.

"Can shina da gari nasu," ya ce. "Sarkinsu kamatai, maƙerinsu kamatai, ƙofofi daidai su. Ba mai waiwayowa. Ke kin kawo shi gida, kin bar shi shi ɗai a fada, ana dariya."

Na yi kuka, ya ce in bari, masu karɓar waya na kallo.

Alhamis, 23 ga Mayu
Na sake komawa da sababbin katuna: Maƙeran Dutse, su goma sha biyu, maza da mata, duk gajeru, da garinsu. Ya gyara mini ƙarfin biyu, ya ce na cika rowa.

Ya raka ni tasha ta cikin kasuwa, na daidaita takuna da nasa. Mun daɗe ba mu isa ba, har babura biyu suka tashi. Wai ashe haka tafiyar take da nisa. A da ni nake riga shi isa in tsaya jiransa, ina danna waya, ina cewa sauri ne halina.

Yau tare muka isa. Mutane sun waiwayo, na ƙirga bakwai.