Hoton Ngozi da Ladi a Bakin Rijiya

Funtua, daren Alhamis, ƙarshen damina, 1966

Yau ma na ɗauki hoto ɗayan da na saba ɗauka kullum, amma ba wanda na yi niyya ba. Kwanan nan abin ya gundure ni. Gonakin auduga, tashar jirgi, kasuwar hatsi, duk sun zama iri ɗaya a idona.

Da la'asar na leƙa shagon Mista Okafor, mai wanke mini hotuna, na tarar yana ɗaure kaya. Gari ba lafiya, mutanensu kowa a tsorace, gobe za su bi jirgi su koma kudu.

Ya ce, "Malam Sani, ka ɗauki na yau?" Na ce tukuna. Ya ce, "To ɗauki 'yata Ngozi. Nan aka haife ta, ba ta san wani gida ba."

Na ce ta tsaya a ƙofar shago, ta ƙi, wai sai da ƙawarta Ladi. Suka zauna a bakin rijiya suna ɓarar gyaɗa, ba wadda ta kalle ni. Na ɗaga kyamara na danna.

Mista Okafor ya bar mini kwalaben maganin wankin hoto, ya nuna mini yadda ake yi a gurguje.

Fim ɗin yana nan cikin kyamara. Ina tsoron in wanke in lalata. Ko da ya fito ma, ban tambaye shi inda zan aika ba.