Ƙorafi Kan Tayar da Aka Wanke wa Hukunci

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Garanti, Kamfanin Sayar da Tayoyi
Daga: Mai kai ƙwai gidajen burodi
Kwanan wata: 9 ga Afrilu

Game da: Hana ni canjin taya saboda alli ya goge

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 3 ga Fabrairu na sayi taya a shagonku, da takardar garantin shekara ɗaya. Ranar 10 ga Maris ta yi ƙullutu a gefe, ba ƙusa, ba rami. Na kai ta wurin injiniyanku, ya duba, ya shafa, ya zana mata gicciye da farin alli. Ya bayyana mini cewa a tsarinku zobe yana nufin faci, gicciye kuma canji, in dawo bayan mako guda. Na nemi ya rubuta mini a takarda, ya nuna mini allin, ya ce shi ne takardar. Na jinjina wa kamfanin da ke adana hukuncinsa a jikin roba.

2. Na sa tayar a but ɗin motata, na ci gaba da aiki da safaya. Safayar nan siririya ce, ko tsakuwa ta taka sai motar ta yi tsalle. Ranar 14 ga Maris kiret biyu na ƙwai suka fashe a kan tayarku. Wanda bai taɓa shaƙar ƙwan da ya wuni a rana cikin but ba, Allah kada ya nuna masa. Maiɗakina, wadda shekara ashirin ke nan ba ta taɓa barin motar nan ta kwana da ƙarni ba, ta sa sabulu da buroshi ta wanke komai tas, har da hukuncin injiniyanku.

3. Ranar 17 ga Maris na koma, aka ce injiniya ya tafi hutu. Mataimakinsa ya juya tayar, bai ga gicciye ba, sai ya yaba tsabtarta ya zana mata zobe. Na rantse masa da abin da ya faru, ya ce shi alli yake karantawa. Mai facinku, a harabarku, ya manna mata faci. Kwana uku ƙullutun ya dawo, har ya yi ƙane.

4. Ranar 24 ga Maris akawunku ya buɗe mini shafi na biyu na takardar garanti, inda aka ce tayar da aka yi wa faci ta fita daga garanti. Wato ku kuka yi facin, ni kuma na karya doka.

Ranka ya daɗe, mai gidan burodin da nake kai wa ƙwai shekara goma sha ɗaya ya ce in na sake kawo masa fasassu bayan ƙarshen watan nan, zai nemi wani. Da shi nake ci da gidana. Maiɗakina kuwa tun ranar da aka rasa gicciyen ta ɗora wa kanta laifi, ko abinci ba ta ci sosai, kuma wannan ya fi tayar ci mini rai. Ban san yadda zan lallashi macen da tsabtarta ce ta jawo mana ba.

Don haka ina roƙon ka sa a tambayi injiniyan abin da ya zana ranar 10 ga Maris, in hutu bai wanke masa tunani ba, a ba ni sabuwar taya kafin 30 ga Afrilu. In da hali, a saya wa sashenku biro.

Tayar tana nan a ɗakin kwananmu, na lulluɓe ta da leda. Maiɗakina tana zagaye ta in za ta yi shara.

Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,
Mai kai ƙwai
(sa hannu da tawada)