Tuffa a Bokitin Fenti

Jega, ranar Litinin

Zuwa ga maigidana, Baban Ihsan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jiki, yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Inna tana gaishe ka. Ihsan kuwa kullum sai ta tambaye ni yaushe mai ɗorin Aliero zai sako mata babanta.

Na rubuto ne tunda wayarka ta farfashe ranar da motar albasar ta kife da kai, ni kuma bakina ba ya sakuwa a wayar aro, ɗaki cike da majinyata. Tukur direba ya ce zai riƙa miƙa maka wasiƙuna.

Tuffar da ka ɗauko daga Jos a bokitin fenti ba ta jin daɗi. Ganyenta ya yi yaushi, ya sunkuya, bakinsa ya fara ƙonewa. Na san dariyar da 'yan tasha suka yi maka, wai wa ya taɓa ganin tuffa a zafin Jega, na kuma san yadda ka ci buri a kanta. Shi ya sa nake ba ta ruwa safe, rana da maraice, ko da na girki zai gaza. Amma kullum ƙara langaɓewa take. Faɗa mini abin da zan yi.

Taka,
Yalwa

Jega, ranar Asabar

Baban Ihsan,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya, kumburin kuma ya saɓe.

Saƙonka ya iso, bai yi mini daɗi ba. Ka ce in bar tuffar ta mutu, ni kuma in kwashi Ihsan mu koma gidanmu Maiyama, tunda ba ka san ranar da za ka sake riƙe sitiyari ba, balle ka ciyar da mu. Na yi kuka a madafi har Inna ta ji. Ashe zaman da muka yi bai sa ka san ni ba? Lokacin da kake shigowa da kaji da atamfa ban tafi ba, sai yanzu? Kuma wa zan bar wa tsohuwarka Inna? Ina soya awara a ƙofar gida, ana saye, ba mu kwana da yunwa ba. Kada ka ƙara aiko mini da irin wannan magana, don Allah.

Tuffar ma ban bar ta ba. Jiya Inna ta zo wucewa ta tsaya, ta cusa yatsa cikin ƙasar, ta sansana. Ta ce, “Ɗiyar nan, kashe ta kike da kirki. Ko albasa ruwa ya kwanta mata ruɓewa take.” Muka kifa bokitin, ashe ko huda ɗaya babu a gindinsa. Ƙasar ta zama taɓo, sai wari. Saiwoyi da yawa sun yi baƙi, suna narkewa a hannu.

Na yanke ruɓaɓɓun da almakashina. Waɗanda suka rage farare ba su da yawa. Inna ta ba da tsohuwar randarta mai tsaga a gindi, muka zuba tsakuwa, muka haɗa rairayi da busasshen takin awaki, muka mai da ita ciki. Mun ja ta ƙarƙashin dogon yaro, inda hantsi kaɗai ke samunta. Inna ta hana ni kusantar ta da buta sai ƙasar ta bushe tsawon yatsa. Wallahi hana hannuna ya fi ban ruwan wuya.

Yanzu ganyen duk ya zube, sanda ce kawai a tsaye. Amma na kankare bayanta da farce, cikin ɗanye ne shar.

Tukur ya ce ba ka cin abinci. Ga dambun nama nan, ka cinye, zan tambaye shi.

Matarka da ba ta zuwa ko'ina,
Yalwa

Jega, ranar Laraba

Baban Ihsan,

Assalamu alaikum. Yaya ƙarfin jiki? Albishirinka! Tuffa ta yi toho. Ihsan ce ta fara gani, ta shigo da gudu tana ihu har na zaci kunama ce. 'Yan ganye ne ƙanana masu ja-ja a can ƙasan sandar. Reshen sama ya bushe, na cire shi. Yanzu ta fi yadda ka kawo ta gajarta, ta ɗan karkace kuma.

Ba zan yi maka alkawarin 'ya'ya ba. Malamin gona da ya zo sayen awara ya duba ta, ya ce wata irin tana jure zafi, wata ba ta yi, sai an gani. Ya ce in damina ta kankama ana iya dasa ta a gonarku ta Kimba. Na ce wannan sai mai ita ya dawo.

Na ji ka taka da sanda har bakin masallaci, na kuma ji abin da mai ɗori ya ce, cewa ƙafar ba za ta koma ɗaukar doguwar tafiya ba. Na san ya yi maka ciwo. Ni dai, Allah ya yafe mini, da na ji sai na ji sanyi a raina. Na gaji da zaman jiran mota daga Kudu. In ka dawo sai mu zauna da Inna mu ga abin da za a yi da gonar.

Tukur zai zo ɗaukarka ranar Juma'a bayan an sauko. Ka yi wa mai ɗori godiya a madadinmu. Na sa magini ya fasa dokin ƙofar ɗakinmu ya daidaita shi da ƙasa, don kada sandarka ta harɗe. Inna ta yi faɗa, wai ruwan sama zai shigo mana. Na ce ya shigo.

Sai ka iso.

Taka har kullum,
Yalwa