Hannu Nawa Zai Murɗa Famfon

Maiduguri, 4 ga Afrilu, 2016

Zuwa ga Ya Kaltum,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da marayunki. Yaya ciwon ƙafar?

Na je shagon Aloysius mai kayan gini sayen kayan gyaran gidanki na GRA, tunda ma'aikatan agaji za su kama haya. Shi ba ya sayar da famfo sai ya ji hannu nawa zai riƙa murɗa shi kullum. Na ce mutum huɗu. Ya zaɓa mana na tagulla, ya hana ni na roba. Na ɗauki fanka mai nauyi, wadda ake iya sake naɗa mata waya idan ta ƙone, da ƙofofin ƙarfe shida. Kaya ne da za su shekara goma.

Akwai abin da na ɓoye miki. Malam Dzarma, ɗan hayarki da ke gidan yanzu, ba shi da iyalinsa kaɗai ba ne. Tun da aka kori mutanen Gwoza danginsa suka sauka wurinsa. Jiya na ƙirga mutum ashirin da uku. Sun ɗaure famfon tsakar gida da robar taya. Takardar tashin da kika ce in ba shi tana aljihuna, ban miƙa ba tukuna.

Ƙaninki,
Ajimi

Maiduguri, 19 ga Afrilu, 2016

Zuwa ga Ya Kaltum,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonki ya iso. Ban ga laifinki ba, na san gidan nan kaɗai marigayi ya bar muku.

Na miƙa takardar. Malam Dzarma ya karanta, ya ninke, ya tambayi lafiyarki. Da motar kaya ta zo, shi da ƙannensa suka taya mu saukewa. Mahaifiyarsa, Baba Salomi, ta shafa sabuwar ƙofa ta yaba kaurinta. Na rasa inda zan sa idona.

Na zaga sansanin 'yan gudun hijira biyu ina nema musu wuri, duka sun cika. Malam Dzarma dai ya samu wani fili a unguwar Old Maiduguri da aka ba shi aro. Ya roƙi tsofaffin ƙofofin katakon da za a cire, zai haɗa rumfa da su. Na ba shi ban tambaye ki ba, ki yafe mini. Kafinta ya duba su, ya ce gara ta ci cikinsu, ba za su wuce ruwan farko ba. Ban gaya wa Malam ba. Ranar Asabar za su tashi.

A gaishe da yara.

Ƙaninki,
Ajimi