Ƙorafi Kan Hoton Tuda da Azurfar Aro

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Ƙungiyar Tallafa wa Karatun Yaran Duwatsu,
Ofishin Shiyyar Tingir, Maroko.

Daga:
Bassu Ait Ishu,
Ƙauyen Igil n Tazart.

2 ga Satumba, 2019.

Game da: Cire sunan jikata Tuda daga cikin yaran da ake ɗaukar nauyin karatunsu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne kakan Tuda, marainiyar da wata baiwar Allah, Madam Ragna ta ƙasar Norway, take biya wa kwana da abinci a gidan ɗalibai mata na Tingir. A yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai wuce na allo da ɗan abin da na tsinta a soja ba. Na zo ofishinku sau biyu, aka ce kuna taro.

1. Ranar 14 ga Yuni ma'aikacinku, Si Mbarak, ya zo ɗaukar hoton shekara da ake aika wa Madam. A da a makaranta ake ɗauka, bana aka ce a gida. A wajenmu ba a aika wa mai alheri hoton yaro cikin tsumma, tamkar an ce masa alherinsa bai tsinana komai ba ne. Don haka matata Itto ta zaga gari, ta aro awarwaron azurfa wajen Lalla Zahra, sarƙar murjani wajen matar liman, rigar biki wajen maƙwabciya. Aka tsayar da yarinya a ɗakin baƙin Haj Addi, wanda 'ya'yansa suke Faransa, a gaban firji da talabijin.

2. Si Mbarak ya ga komai da idonsa. Ya sha shayinmu, har yana tsokanata wai yau tsoho ya kwana da firji. Bai ce mana kul ba.

3. Ranar 20 ga Agusta takarda ta iso cewa iyalinmu sun samu wadata, an ba wata yarinya gurbin Tuda. Ranka ya daɗe, ko ruwan firjin nan ba mu sha ba. Abin da na mallaka 'yan awaki ne, da bishiyar ɓaure ɗaya, da buhun duwatsu masu siffar kifi da ƙwari da nake tsinta a bayan gari. Tuda ce ta karanta mini cewa nan wurin teku ne a zamanin da. Tun daga ranar nakan zauna in yi ta ganin kifi yana wucewa ta saman masallacinmu. Itto ta ce in sayar da duwatsun, na kai kasuwa, ba wanda ya taya.

4. Na tambaya ko an gaya wa Madam gaskiyar magana, ba wanda ya ba ni amsa. An ce a ƙasarsu rana ba ta faɗuwa a wasu watanni. Ban san yadda suke gane magariba ba, amma ban yarda mace irin wannan za ta yar da yarinya saboda awarwaro ba.

5. Ranar 9 ga wannan wata ake komawa makaranta. Daga ƙauyenmu ba a zuwa a dawo rana ɗaya. Kawunta da ke zaune a birnin Kasabalanka ya riga ya samo mata aikatau a can, ya ce in ba ta da gadon kwana a Tingir, da ita zai koma. Ni na tsufa, ba ni da bakin hana shi. Tuda kuwa ta daina buɗe littattafanta.

Saboda haka ina roƙon mai girma Darakta ya mayar da sunanta kafin wannan rana, a kuma turo a sake hoton. Itto ta yi kukanta, ta yarda. A ɗauki yarinyar cikin rigar da take zuwa itace da ita, a gaban bangonmu da ya tsage, a aika haka. Alfarma ɗaya nake nema: a sanar da ni ranar da mai hoton zai zo, in kora awaki kan dutse tun da sassafe. Ba zan iya tsayawa ina kallo ba.

Allah ya ƙara girma, ya sa ku duba da idon rahama.

Naku cikin ladabi da biyayya,
Bassu Ait Ishu