Wai babba ya fi daraja

Asabar da dare, garin Bowie

Har yanzu raina a ɓace yake. Sati uku na yi ina bincike kafin na zaɓi injin naɗe zaren fatsa mai lamba dubu ɗaya, ƙarami, marar nauyi, daidai da siririn zarena. Ya iso ina wurin aiki. Maigidana Baban Amira ya buɗe kwalin, ya yanke hukuncin an cuci matarsa, ya mayar, ya karɓo mai lamba dubu huɗu. Mutumin da bai taɓa haɗuwa da kifi ba sai a cikin miya!

Yau na je tafki da sabon injin. Ya rinjayi sandar, wuyan hannuna ya yi tsami, zaren ya yi ta cukurkuɗewa. Ina fama da warwara, wani ƙaton kifi ya ja, ya tsinke, ya tafi. Asabar ɗin da nake jira duk mako ke nan.

Na dawo na yi masa ƙorafi, wai, "Haba Hajiya, wancan ai na wasan yara ne. Babba ya fi daraja."

Ban yi musu ba. Takalmi lamba tara yake sawa. Ɗazu na yi masa odar lamba sha uku.