Mata Ne

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti da yara? Na rubuto ne don wayarka ta zama ado, in na kira sai ta yi ta ruri har ta gaji. Takarda dai dole ka buɗe.

Baba lafiya lau, yana shan maganinsa, sai gwiwar nan da ke hana shi hawa bene. Ni ce dai ba lafiya ba. Na kasa zama wuri ɗaya, ko shayi a tsaye nake sha.

Bari in faɗa maka abin da ya same ni, ka yi dariyarka ka gama. Ka san ɗakin wankin otal ɗin da nake aiki, injuna na ta gurnani, ko na kusa da kai ba ka ji. Rannan ina guga da abin ji a kunne, sai wayata ta jeho min wata waƙa da ban nema ba. Jita ta fara kamar an yaga zane, ganga ta biyo ta a guje, wani siririn saurayi ya hau ihu da yaren da ban taɓa ji ba. Saura kaɗan in ƙona wuyan rigar wani baƙo. Ashe 'yan Japan ne.

Tun ranar ban dawo daidai ba. Na bi mawaƙansu ƙungiya-ƙungiya, daga masu rugugin kiɗan rok har masu saurin nan da ake ce wa pop-pank, waɗanda kafin ka ninke zanen gado sun gama waƙa suna haki. Ƙungiyar da na fi so su uku ne a cikinta. Mai gangarsu mace ce 'yar firit, amma in ta fara duka sai ka tausaya wa gangar. Na kasa karanta sunansu, don haka na raɗa musu 'Yan Gaggawa. Ko kalma ɗaya ba na ji, amma wallahi kamar da ni suke. Akwai wadda a ƙarshenta duk suke haɗa baki su yi ta cewa “mata ne, mata ne”, sai ka rantse Hausawa ne. Ita nake rerawa in na hau sama shanya.

To ga ainihin maganar. Na nemi wata makarantar koyon haɗa sauti, kuma sun ɗauke ni. Tana da nisa, sai na koma can da zama, kuma suna jiran amsata kafin a fara zango. Ban gaya wa Baba ba. Wa zai dafa masa, wa zai kai shi asibiti? Ka kuma san tun ranar da ya ce wa Mama “sai an jima” a ƙofar ɗakin tiyata, ba ta fito da rai ba, bai sake yi wa kowa sallama ba, ko kai in za ka koma, ɗaki yake shigewa. Ka ba ni shawara, amma don Allah kada ka ce min a yi haƙuri.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke nan. Takardarki ta iso, na kuma fahimci abin da ke ciki.

Na saurari waƙar da kika turo. Antinki ta fito daga kicin da gudu, ta ɗauka injin wanki ne ya kama da wuta. Yara kuwa tun ranar suke dukan tukwane, na gode.

Game da makaranta, ina taya ki murna. Sai dai kin san yanayin aikina, ba zan iya barin wurin nan yanzu ba, Baba kuma ba zai zauna shi kaɗai ba. Ki nemi su ɗaga miki zuwa baɗi. A yi haƙuri.

Ki gaida Baba da kyau. Na bar ki lafiya.

Yayanki

*

Yaya,

Sannu da ƙoƙari. Abu ɗaya na roƙe ka, shi ka yi.

Ka faɗa min gaskiya, ka gaya wa Baba zancen makaranta? Don mutumin nan ya canza min gaba ɗaya. Na dawo aiki na tarar ya wanke kayansa da kansa, ya ja gwiwar nan har sama ya shanya, farar riga ta koma ruwan hoda don ya haɗa ta da jan tawul. Washegari ya dafa shinkafa, rabi ta ƙone rabi tana ƙaras-ƙaras, ya zauna ya cinye yana kallon bango. Na miƙa hannu zan ɗauki kwanon, ya ce, “Bar shi, kin wahala haka nan.” Shi ke nan abin da ya ce min ranar.

Ko maganinsa ya kwashe daga kan firji ya kai ɗakinsa. In na shigo falo sai ya tashi. Na rasa laifin da na yi, Yaya, abin yana cin raina.

Makarantar sun ce ba sa ɗagawa. Na rubuta musu cewa ba zan zo ba, na goge, na sake rubutawa, ban dai tura ba tukuna. A wurin aiki na ƙure wa 'Yan Gaggawa murya har shugabarmu ta taɓa ni ta ce ƙafata tana girgiza teburin guga. Su kaɗai ke gudu daidai da zuciyata.

Ka amsa min da wuri. A gaida Anti da masu dukan tukwane.

Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Ban gaya masa ba, shi ne ya kira ni, kuma na ɗauka.

Bari in rubuta miki yadda ya faɗa. Ya ce, “Ƙanwarka kullum in ta hau shanya sai ta yi ta kuka da waƙa tana cewa mata ne, mata ne. Na gane abin da take nufi. Uwarku ta ɗauki nauyina har ta kwanta dama, yanzu ƙanwarka aka ɗora wa. Mata ne ke wahala a gidan nan, mu maza muna zaune. Ba ta iya faɗa min a ido ba, shi ya sa take gaya wa igiyar shanya.”

Na so in yi dariya, ta ƙi fitowa. Da ya gama sai na gaya masa zancen makarantar, ki yafe min. Sai ya kashe wayar.

Na yi magana da Antinki. Mun kwashe kayan ɗakin baya, yana ƙasa, babu hawa bene, asibiti kuma na bayan layinmu. Zan zo in ɗauke shi in ya yarda. Kada ki tura musu waccan amsar.

Wai me kalmar take nufi ne ma?

Yayanki

*

Yaya,

Na karanta takardarka a tsaye a bakin ƙofa, na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan kuma ta juye ta zama kuka.

Kalmar ba ruwanta da mata! Na bincika tun tuni. A yarensu abin da aboki ke ce wa aboki ne in za su rabu, kamar ka ce sai mun sake haɗuwa. Suna da wata kalmar daban ta doguwar rabuwa. Wannan ta mutanen da suka san za su sake ganin juna ce.

Na same shi a sama yana fama da zanen gado, iska na nannaɗe shi a ciki. Na kama ɗaya gefen na yi masa bayani. Ya ce, “Wato ba da ni kike ba?” Na ce wallahi ba da shi nake ba. Ya ce, “To ai ko ba da ni kike ba, an faɗa.”

Na sa masa abin ji a kunne. Ya runtse ido kamar mai jiran allura, ya daure har ƙarshe, sannan ya ce, “Wannan yarinyar mai ganga, wa ya ɓata mata rai?” Ya sa na maimaita masa ƙarshen waƙar.

Ya yarda zai bi ka. Na tura wa makarantar cewa ina zuwa, na haɗa jaka, na kwance, na sake haɗawa. Amma har yau bai ce min ki tafi ba, bai ce kada ki tafi ba. In na ɗauko zancen sai ya tambaye ni ina makullin ɗakin ajiya. Na faɗa maka, in bai sallame ni da bakinsa ba, ba inda za ni, ko da kujerar makarantar za ta wuce ni. Ba zan fita gidan nan yana ɗaki a kulle ba.

Ka zo da wuri, na ƙagu.

Auta

*

Auta,

Na sa wannan takardar a kan jakarki don bakina ba zai iya ba. Ki karɓe ta a madadinsa.

Ki tafi. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki fi yarinyar nan mai ganga. Ki riƙa cin abinci a zaune. Rigar da ta rine na ba yayanki, ta yi masa kyau.

Waccan kalmar da na gaya wa mahaifiyarki ba zan sake faɗa wa kowa ba. Na ari ta mawaƙanki. Gobe zan raka ki har bakin titi.

Mata ne.

Babanki